Idon 'Yar Hajiya

Ko ɗigon jini bai zuba ba, shi ya sa kowa a gidan ya ce an yi arziki.

Sakinatu tana tsakar gida tana wankin kayan jaririnta ta ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa. Sai ga Mu'az, ƙanin mijinta, ya faɗo gidan ba sallama, rungume da Rauda. Wata farar hoda ta baɗe masa riga, ta baɗe kitson yarinyar, kamar daga injin niƙa suka fito. Rauda ba kuka take sosai ba, nishi take, ta dafe idonta na dama da hannu biyu.

Sakinatu ta zabura har bokiti ya kife. Ta yi taku biyu, sai ta ja ta tsaya. Rauda 'yarta ce, ita ta ɗauki cikinta ta haife ta shekara shida da suka wuce, amma 'yar fari ce, kuma tun ranar yaye aka kwashe kayanta zuwa ɗakin Hajiya Safiya, uwar mijinta. A gidan da Sakinatu ta tashi can Bichi, mace ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta sa baki a maganarsa gaban manya. Hajiya kuwa, shekararta arba'in a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, amma ta riƙe wannan al'ada da ƙarfin da ko waɗanda ta baro a Arewa ba su riƙe ba. Rauda "Anti" take ce wa uwarta. Uwar kuma in ta kama dole sai ta ce "'yar Hajiya".

Hajiya ta fito da carbi a hannu tana salati, ta karɓi yarinyar ta juya ta gaba da baya.

"Wallahi Hajiya ba gudu nake ba," in ji Mu'az. "Nan ne fa wajen gadar Mokola. Wani ɗan tasi ya taka burki ba zato, na ɗan taɓa shi ta baya. Sai jakar iskar nan ta mota ta fashe daga dashbod, ji kake bam! Ita kuma tana tsaye a gaba, ta kafa fuska tana kallon hanya."

"Alhamdulillahi, ba jini," Hajiya ta ce. Sannan ta rage murya. "Motar fa?"

To, motar ce maganar. Ta Suhaibu ce, mijin Sakinatu, tokumbo ce, ta hannu daga ƙasar waje, da ya sayo ko wata biyu ba a yi ba. Da zai tafi Arewa lodin albasar da yake kawowa kasuwar Shasha, ya lulluɓe ta da tampol, ya miƙa wa mahaifiyarsa makulli, ya ce ko wanki kada a yi mata. Mu'az ɗan auta ne, bai da lasin, bai kuma taɓa roƙon Hajiya abu ta hana shi ba.

"Ke, kin tsaya kin zuba mana ido," Hajiya ta ce da Sakinatu. "Ɗora ruwan zafi a gasa mata."

Ta ɗora. Ita ta kawo ruwan da tsumma har bakin ƙofar ɗakin, ta tsuguna a waje tana jin ihun yarinyar duk sanda aka danna mata tsumman a ido. Ba ta shiga ba.

Washegari fuskar ta kumbura suntum, idon ya rufe ruf, fatar gefensa ta saluɓe kamar an watsa mata tafasasshen mai. Sakinatu ta kawo koko da ƙosai, ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Hajiya, na ce ko a ɗan leƙa da ita asibiti."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. "Iko sai Allah. Yau kuma ni za a koya wa riƙon yaro? Tara na haifa, ɗiyar nan, wanda kike aure ma a hannun nan ya yi ƙyanda ya tashi. Kai, zamani! Uwa a kan 'yar fari, ko kunyar idona babu."

Mu'az na zaune a bakin gado yana latsa waya. Ya ce, "Anti Sakina, ki kwantar da hankalinki. Iska ce fa kawai a cikin abin, kamar filo. Don ceton rai Turawa suka yi ta. Da babu ita ai da yanzu wani labarin ake. Kuma kin san asibitin garin nan, kina cewa haɗarin mota za su ce ina takardar 'yan sanda. Su zo su tambayi lasin, su ja motar Yaya zuwa ofishinsu. Wa wannan wahala za ta amfana?"

"Ka ji mai hankali," in ji Hajiya. "So take a ɗaure min ɗa, a haɗa wa da ƙani faɗa. In taimako kike son yi, ga kofi can. Tatso nono a ɗiga mata, shi ne maganin ido tun kaka da kakanni."

Sakinatu ta ɗauki kofin ta koma ɗakinta. Ta janye jaririnta Anwar daga ƙirjinta yana tsala kuka, ta tatsa, hawayenta na sauka a kan hannunta. Tun da aka yaye Rauda ba a taɓa neman wani abu daga jikinta saboda yarinyar ba sai yau, shi ya sa ta tatsa har kofin ya kusa rabi, tana addu'a Allah Ya sa maganar Hajiya ce gaskiya.

Motar dai ba ta kwana a hanya ba. Tun ranar aka ja ta zuwa garejin wani makanike a bayan Mokola, Mu'az kuwa ya mai da can wurin zamansa. Kullum da la'asar zai shigo da rahoto kamar mai jinyar uba. Yau an buga bamba ta miƙe. Gobe an samo fitila a wajen masu kayan gyara. Jakar iskar ce ta yi wuya, sai an aiko da ita daga Legas. Hajiya ta saurara da kyau, ta ce a dai yi sauri kafin mai ita ya dawo. In ya gama sai ya leƙa kan Rauda ya ce, "Pele, sannu, 'yan matana," ya ajiye mata biskit ya fita.

Suhaibu yakan kira da hantsi in ya samu sabis. Da wayar ta yi ƙara Hajiya za ta fito ta zauna a kan turmi, daidai ƙofar Sakinatu, tana jan carbi.

"Ya yaran?" zai tambaya.

"Lafiya lau."

"Ina uwar surutu? Ba ni ita."

Sakinatu ta kalli Hajiya. Hajiya ta kalli sama.

"Ta tafi Islamiyya," in ji Sakinatu.

"Mutum yana bakin nemansa ba a tayar masa da hankali," Hajiya za ta ce bayan an kashe wayar. "Kafin ya dawo ta warke, motar ta warke, shi ke nan an rufa wa juna asiri."

Da kumburin ya fara saɓewa idon ya ɗan buɗe. Sakinatu ta samu ganinsa ne da Hajiya ta zaga banɗaki. Ta shiga ɗakin a sace kamar ɓarauniya, ta ɗaga haɓar yarinyar zuwa hasken taga. Jini ne kwance a cikin baƙin idon, ya cika shi zuwa rabi, ya yi layi kamar ruwa a kofi.

"Anti, zafi," in ji Rauda a hankali. "Kamar an zuba min barkono."

"Yi haƙuri, zai daina."

Ta faɗa wa Hajiya abin da ta gani, kanta a ƙasa. Hajiya ta ce ai wannan shi ne alamar sauƙi, mataccen jini ne ya taru zai fita da kansa, a ƙara gashi. Aka aiki Mu'az kemis ya karɓo ƙwayar ciwon jiki irin ta manya, ana ɓalla mata rabi safe da yamma. Aka zizara mata tozali don ya jawo dattin.

Sai abin ya juye. Rauda da ba ta iya zama wuri ɗaya, wadda duk layin an san muryarta, ta koma kwance fuska a bango. Ba ta son haske. Ta riƙe kai tana kuka, abin da ta ci duk sai ya dawo. Jinin da ke rabin ido ya haye ya rufe shi duka, ya yi baƙi ƙirin, babu bambanci tsakanin ƙwayar idon da kewayenta. Hajiya ta ce zazzaɓin sauro ne ya haɗu da ciwon. Da aka sha maganin sauro bai yi ba, ta ce to akwai baki a ciki, tun da aka sayi motar nan idon mutane ke kan gidan. Aka kawo turaren hayaƙi aka lulluɓe yarinyar da zani tana tari tana kiran Hajiya.

Kada a ce Hajiya ba ta son jikarta. Tana son ta, ita ke goya ta a bayanta mai ciwo tana zagaya tsakar gida. Amma duk sanda son Rauda ya ja ta zuwa ƙofar gida, sai tsoron abin da zai samu Mu'az ya jawo ta baya, kuma kullum Mu'az ke rinjaye. Sakinatu tana ganin wannan sarai. Ta san abin da ya kamata, ta san hanyar asibiti, da keke ko okada ba nisa. Abin da ya ɗaure ta bai wuce kada a ce ba ta da kunya ba, kada a ce ta fita ba izinin miji, kada a ce 'yar Bichi ta zo ta raba uwa da 'ya'yanta. Ta rame ta yi zuru-zuru, nonon ma ya fara ɗaukewa.

Ranar wata Talata da hantsi Mahbuba ta shigo karɓar cajar wayarta da aka ara. 'Yar maƙwabta ce, haihuwar Sabo, tana da shagon sayar da kayan waya a bakin titi, kuma bakinta bai san birki ba. Ta tarar an fito da Rauda inuwar baranda a kan tabarma, ta sunkuya za ta tsokane ta, sai ta yi baya da sauri.

"Innalillahi! Anti Sakina, mene ne wannan? Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kwana biyu kamar yaya? Wane asibiti kuka je?"

Sakinatu ta ci gaba da shara.

"Haba, Anti! Haba! Ko akuya ce idonta ya koma haka ai a nemi mai duba ta. Abeg, na roƙe ku, ku ji tsoron Allah."

Hajiya ta ɗaga labule. "Ke 'yar gidan Manniru, cajar kika zo karɓa ko shari'a? Ɗauki abinki ki kama gabanki. 'Ya'yan Sabo ba ku san babba ba."

Mahbuba ta fita tana magana da Yarbanci ƙasa-ƙasa, amma ba ta yi nisa ba, ta tsaya a zaure.

Hayaniyar ce ta tashi Rauda. Ta zauna, ta sa tafin hannu ta rufe idonta mai lafiya saboda hasken rana, ta juyo da fuskarta wajen da take jin motsin uwarta. Idon daman a buɗe yake tar.

"Anti," ta ce, "ki buɗe min wannan ɗin. Tun jiya ya ƙi buɗuwa."

Sakinatu ba ta san sanda ta ajiye tsintsiyar hannunta ba. Ta shiga ɗaki ta goya Anwar, ta zura hijabi, ta fito ta sunkuci yarinyar a kafaɗa. Rabon da ta ɗauke ta tun ranar yaye. Ta ji ta sakayau, duk ƙashi.

"Ina za ki da ita?" Hajiya ta tare hanya.

"Asibiti, Hajiya."

"Da izinin wa? Mijinki ya sani? Ajiye min jikata!"

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"In kika taka ƙofar nan, ki sani kin tona wa gidan nan asiri. Duk abin da ya samu Mu'az, ke ce."

"Ki yi haƙuri," ta sake cewa, ta raɓa ta gefenta ta wuce. Mahbuba ta riga ta tsayar da keke.

A babban asibiti babu wanda ya tambaye su takardar 'yan sanda. Ko sau ɗaya. Ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya, wata Bayarbiya mai kauri, ta leƙa idon kawai ta miƙe tsaye ta ce su biyo ta, suka tsallake layin gaba ɗaya. Tana tafe tana tambaya, Mahbuba na fassarawa.

"Ta ce wace ce uwar yarinyar?"

"Ni ce."

"Sunanta fa?"

Sakinatu ta buɗe baki, sunan ya tsaya mata. Shekara shida yana cikin ranta bai taɓa hawa harshenta ba.

"Rauda," ta ce. "Sunanta Rauda."

Likitan ido ya daɗe yana haska fitila, ya ɗora wani ƙarfe ya auna, ya rufe idon hagu ya kaɗa hannu a gaban na dama. Rauda ba ta ko ƙyafta ba. Ya tambayi me aka sa mata, Sakinatu ta lissafa masa: ruwan zafi, nono, tozali, ƙwayar kemis, hayaƙi. Bai yi faɗa ba, ya dai cire tabarau ya murza goshinsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Ya yi bayani a hankali, Mahbuba na juyawa tana share ido. Ya ce jakar nan ba filo ba ce, da ƙarfin gaske take fitowa, don ƙirjin babban mutum mai ɗaure da bel aka yi ta, shi ya sa ba a sa yaro a gaba. Ta daki idon jini ya ɓalle a ciki, hodar kuma ta ƙona fatar. Irin wannan in an zo da wuri, sau da yawa hutu da magani kan wadatar. Amma gashin da ƙwayar sun sa jinin ya sake ɓallewa, ya toshe idon ya matse jijiyar gani har ta mutu. Ciwon kai da aman duk daga nan ne. Za su yi aiki su wanke jinin don ta samu sauƙin azaba.

"Ganin fa?" Sakinatu ta tambaya. "Tambaye shi ganin."

Mahbuba ba ta tambaya ba. Ta riƙe mata hannu kawai.

Daga barandar asibitin Sakinatu ta kira Suhaibu da wayar Mahbuba ta faɗa masa komai. Ya bar lodinsa a hannun abokin ciniki ya kamo hanya. Ranar da aka sallame su, da bandeji a rabin fuskar Rauda, sun tarar da motar a ƙofar gida an wanke ta tana ƙyalli, ko tabo babu. Makanike ya cika alkawari.

Aka zauna a tsakar gida bayan la'asar. Suhaibu ya fara da zafi, ya yi kan Mu'az kamar zai dake shi. Mu'az ya durƙusa yana kuka yana rantsuwa shi bai san abin zai kai haka ba, makanike ma ya ce masa iska ce kawai. Hajiya ta fashe da nata kukan, ta ce in dukan zai yi ya fara da ita, ita ta ba da makullin. Ƙaddara ce, in ji ta, abin da Allah Ya rubuta ko a ɗaki yarinyar take sai ya same ta. Wane ɗa ne zai ga hawayen uwarsa ya ci gaba? Suhaibu ya yi sanyi ya koma ya zauna. Amma fushin yana nan a ƙirjinsa yana neman inda zai sauka, sai ya waiwayo kan matarsa.

"Ke kuma kullum ina kiranki kina ce min lafiya lau. Kina ina har ido ya mutu?"

Kafin ta yi magana Hajiya ta share hawaye da gefen mayafi ta karɓe.

"Abin da nake ta tambayar kaina ke nan, Suhaibu. Ni tsohuwa ce, idona ma ba gani yake sosai ba, na yi iyakar abin da na sani. Amma ita da ta haife ta, tana kallon abin kullum. Sau ɗaya ta ce min asibiti, shi ma a ciki-ciki kamar ba da gaske ba. Da ta tsaya kai da fata ai da na bari. Wace irin uwa ce za ta ga 'yarta a haka ta iya yin shiru?"

Mu'az ya sunkuyar da kai. Suhaibu yana kallonta yana jiran amsa.

Sakinatu tana da abin faɗa, cike da baki. Amma tambayar ta same ta a inda ba ta da kariya, don ita ce tambayar da take yi wa kanta tun a barandar asibiti. Sun koya mata shiru, sun yaba mata a kansa shekara da shekaru, ta kuwa iya shi har ya ci idon 'yarta.

"Gaskiya ne, Hajiya," ta ce. "Na yi shiru. Ba zan ƙara ba."

Ta miƙe ta shiga ɗakin Hajiya ba tare da neman izini ba. Ta tattaro kayan yarinyar, riguna da allo da takalmin makaranta, ta ƙulle a zani ɗaya ta fito da su a gaban kowa.

"Rauda," ta kira da ƙarfi, har Hajiya ta ɗago a firgice. "Taso mu je ɗaki."

Yarinyar ta taso daga tabarma ta nufo ta. Ba ta yi nisa ba ta yi karo da turmin da ke damanta, turmin da yake wurin tun kafin a haife ta. Ta tsaya tana shafa gwiwa, tana juya kai gaba ɗaya don ta ga abin da ya buge ta. Sakinatu ta zagayo ta tsaya a gefen da ya mutu, ta kama hannunta, suka ƙarasa.